Dayari ko waya, a ina zan riƙa ajiye al'amurana in daina mantuwa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu, kuma sai da na yi murmushi, don kusan duk wanda ya zo min da wannan kukan haka labarinsa yake. Ka ce kana da dayari, kana da manhajar rubutu har guda biyu a waya, kana tura wa kanka saƙo a WhatsApp, galarinka kuma cike yake da skirinshot, amma duk da haka satin da ya wuce wani alƙawari mai muhimmanci ya kwanta maka, mutumin ma ya turo maka tes ka gani ka ce anjima za ka ba shi amsa, shi ke nan har yau anjima ba ta yi ba. Shi ne kake tambaya, ka watsar da takarda ka koma waya gaba ɗaya, ko ka koma takarda ka rage taɓa waya?

Ni aikina kenan shekara da shekaru, koyar da ma'aikata yadda ake adana bayanai da tsara aikin yini, tun zamanin fayil da kabad har zuwa yanzu da komai ya koma cikin aljihu. Abin da zan fara faɗa maka shi ne takarda ba ta yi maka laifi ba, waya ma haka. Ka ƙirga wuraren da ka lissafo min da bakinka, guda biyar ne. Mai riga mai aljihu biyar shi ke tsayawa lalube a bakin ƙofa in ana neman makulli. Duk abin da ya zo maka kana jefa shi a wurin da ya fi kusa da hannunka a wannan lokacin, in ka tashi nema kuma ba ka san wanne za ka fara buɗewa ba, daga nan sai zuciyarka ta daina yarda da dukkansu, ka koma dogaro da kanka, kan kuwa ba a yi shi don wannan aikin ba. Tun 1956 George Miller ya ce abin da mutum ke iya riƙewa a kansa lokaci guda bai wuce kamar bakwai ba, a 2001 Nelson Cowan ya zo ya ce a'a, abin ya fi kusa da huɗu. To kai kana so ka riƙe ashirin, ga waya tana ƙara a gefe.

Don haka ni ba zan ce ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya ba, raba musu aiki za ka yi, kowa ka ba shi abin da ya iya.

Abu ɗaya da waya ta iya wanda takarda ba za ta taɓa iyawa ba shi ne ta kira ka. Dayari ko na zinare ne ba zai taso daga cikin jaka ya ce maka Malam ƙarfe huɗu ta yi ba, sai in kai ka tuna ka buɗe shi, kuma ai mantuwar ce matsalar tun farko. Saboda haka duk abin da ke da rana da lokaci, ganawa ce, ganin likita ne, ranar da wata takarda za ta ƙare aiki, ranar biyan wani abu, kalandar waya ce wurinsa, nan take, kafin ka ajiye wayar. Kuma kar ka tsaya kan tunatarwa ɗaya wadda wayar ke sakawa da kanta ana saura 'yan mintuna, wannan ba ta da amfani in wurin da za ka na da nisa, labarin makara kawai za ta ba ka. Ka sa biyu, ɗaya tun jajiberin ranar da dare, ɗaya kuma lokacin da ya kamata ka tashi ka kama hanya. Sannan ka rubuta abin a cike. Na sha ganin mutum ya sa "taro" kawai a kalanda, ranar ta zo alam ya buga ya tsaya yana kallon waya, wane taro, da wa, a ina? Ka sa sunan mutumin, wurin, da abin da za ka riƙo.

Waya kuma ta fi takarda wajen nema. Abin da ka rubuta shekara uku da suka wuce, kalma ɗaya za ka buga ya fito, a takarda kuwa sai ka zazzage littattafai kana atishawa. Duk abin da ba yau za ka buƙace shi ba amma ka san wata rana za ka nema, irin su adireshi, lambar mita, sunan maganin da aka taɓa rubuta maka, girman wani abu da ka auna, wannan ma waya. Amma manhaja ɗaya. Google Keep ce ko wadda ta zo da wayar, duk ɗaya ne a wurina, ka dai kwashe na ɗayar ka zuba a ɗaya ka goge wadda ta rage. Kar ka shiga wannan tarkon na sauke sabuwar manhaja duk wata, na san mutanen da sun ɓata lokacin tsara manhajar tsara aiki fiye da lokacin da suka yi aikin kansa.

Yanzu takarda. Ita darajarta a abin da ba ta yi take. Ba ta ƙara, ba ta haske, ba wanda zai turo maka bidiyo a cikinta. Ka lura da kanka mana, sau nawa ka ɗauki waya don ka duba abin da za ka yi na gaba, kafin ka kai ga manhajar ka ga saƙo ya shigo, ka buɗe, daga nan guruf, daga nan wani linki, bayan minti ashirin ka ajiye wayar ba ka ma tuna dalilin ɗaukarta ba? Ba kai kaɗai ba ne. Akwai wata malama a jami'ar California da ke Irvine, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa kan abu ɗaya a sikirin kafin ya tsallaka wani, a 2004 ta samu kusan minti biyu da rabi, a 2012 ya sauko sakan 75, a awon baya-bayan nan kuma sakan 47. Wasu masu bincike kuma a jami'ar jihar Florida a 2015 sun nuna cewa ko ba ka ɗauki wayar ba, ƙarar shigowar saƙon kaɗai ta isa ta sa ka ƙara yin kuskure a aikin da ke gabanka, don hankalin ya riga ya tafi yana tambayar waye. Ba a haɗa gudu da susar katara. Shi ya sa jerin aikin yau, wanda za ka riƙa kallo sau goma kafin yamma, takarda ce wurinsa, a buɗe a gabanka, ka duba ba tare da ka bi ta ƙofar da mutum ɗari ke jiranka ba.

Wani amfanin takarda da ba a cika faɗa ba shi ne tana cika. Shafi ɗaya ne, in ya ƙare ya ƙare. Manhaja kuwa ba ta da gindi, za ka iya zuba aiki ɗari uku ba za ta ce maka ya isa ba, kuma aikin da ka sa tun bara yana nan zaune ba ya tsufa ba ya jin kunya. A takarda in ba ka gama abu yau ba dole gobe ka sake rubuta shi da hannunka, ranar da ka rubuta abu ɗaya sau na biyar za ka tsaya ka tambayi kanka, shin da gaske zan yi abin nan kuwa? Ko dai ka yi shi a ranar don ka gaji da rubuta shi, ko ka yarda ba za ka yi ba ka soke. Wannan 'yar wahalar ita ce aikin, kuma ita ce manhajoji suka cire suna ganin taimakonka suka yi.

Za ka ji ana cewa bincike ya tabbatar rubutun hannu ya fi shiga kai. Bari in faɗa maka yadda abin yake don kar a yi maka ƙari. A 2014 Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun gwada ɗalibai, wasu na ɗaukar darasi da biro wasu da kwamfuta, suka ga masu biro sun fi amsa tambayoyin fahimta, dalilinsu kuwa mai kwamfuta yana da sauri sai ya riƙa kwafe maganar malami kalma da kalma, mai biro kuma ba zai iya ba, dole ya tace ya taƙaita da nasa kalmomin. Labarin ya zagaya duniya. Sai dai wasu sun maimaita gwajin a 2019 da 2021 ba su samu bambancin a fili haka ba. Abin da ni na ɗauka a ciki, kuma na gani a aji, ba biron ne ke da sihiri ba, tacewar ce. Skirinshot shi ne ƙarshen rashin tacewa, ka ɗauki shafi guda ba ka karanta ba, zuciyarka ta ce an adana, alhali binnewa ka yi a tsakanin hotuna dubu huɗu.

To mu zo kan tes da WhatsApp, don a nan ainihin ciwonka yake, alƙawarin nan da ka manta ai ba a dayari ya ɓace ba, a cikin hira ya nutse.

Hira kogi ce, tafiya take yi. An gina ta ne yadda sabon saƙo zai hau sama ya danne na jiya, duk muhimmancin na jiyan. Saƙon tes na farko a duniya ma, wanda wani injiniya Neil Papworth ya tura a Ingila ranar 3 ga Disamba 1992, gaisuwar Kirsimeti ce kawai ta kalma biyu, abin da aka yi shi dominsa kenan, a faɗa a wuce. WhatsApp ya zo a 2009 ya faɗaɗa iyakar tsawo, a hankali ya ƙara hoto da murya da guruf, amma halin bai canza ba. Mu ne muka mayar da shi ofis da kabad da littafin bashi. Saboda haka ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, duk saƙon da ya zo da aiki a cikinsa, ka ciro aikin daga cikin hirar a lokacin da ka karanta. In amsar ba za ta ci minti biyu ba ka ba da ita yanzu. In akwai rana da lokaci, kalanda. In aiki ne da sai ka zauna, ka rubuta a takardar yau, "amsa wa wane kan kaza". Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka buɗe, ka karanta, ka ce anjima, don da zarar ka buɗe alamar nan ta sabon saƙo ta tafi, kuma ita kaɗai ce ke tuna maka. In ka san ba ka da halin yin komai a kai yanzu, gara kar ka buɗe, ko ka danne hirar ka mayar da ita kamar ba a karanta ba, akwai wannan a cikin manhajar, mutane da yawa ba su taɓa lura da shi ba.

Shuɗin alamar nan biyu da ke nuna an karanta, a ƙarshen 2014 aka kawo ta, kuma ni a ganina ba ƙaramin zumunci ta ɓata ba. Kafin ita in ba ka amsa ba sai a yi maka uzuri a ce bai gani ba, yanzu kuwa an san ka gani, shirunka ya zama magana. Kana iya kashe ta a setin, amma ka sani kai ma ba za ka ga na wasu ba, kuma a guruf ba ta kashuwa. Ni ban kashe tawa ba, abin da nake yi shi ne layi ɗaya, "na gani, zan ba ka amsa gobe da safe in sha Allah", sannan in rubuta a takarda don kar goben ta zama irin anjimarka. Sakan goma ne, amma mutumin ya san ba raina shi aka yi ba.

Kai ma in za ka tura, ka tausaya wa mai karɓa. Sallama ita kaɗai a saƙo ɗaya, sannan ka zauna jiran a amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, wannan yana sa maganar minti ɗaya ta kwana biyu. Ka yi sallamarka da gaisuwarka ka ɗora buƙatar a saƙo ɗaya. Lamba, adireshi, kwanan wata, adadin kuɗi, kar ka taɓa sa su a saƙon murya, rubuta su, don wanda ka tura wa zai dawo nema bayan sati biyu ya tarar da saƙon murya takwas ba zai san a wanne ka faɗa ba, sai ya saurare su duka. Maganar da kuma ta fara zafi, ko ta kai saƙo biyar ba a fahimci juna ba, ajiye rubutu ka kira. Rubutu ba shi da murya ba shi da fuska, "to shi ke nan" da ka rubuta da zuciya ɗaya wani zai karanta shi da fushi, kuma magana zarar bunu ce, duk da WhatsApp ya ba da minti 15 na gyara saƙo tun 2023, wanda ya riga ya karanta ya karanta.

Wani ɗan abu a gefe tunda muna maganar tes, ko ka taɓa lura ka rubuta gajeren saƙo amma wayar ta lissafa maka shi biyu ko uku? Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da sharaɗin duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara tun farko. Da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tak, ko 'yar fuskar dariyar nan, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da harafi 70 kawai yake ɗauka. A WhatsApp babu wannan matsalar, ka sa lanƙwasarka yadda kake so.

Sai maganar ɓata, wadda ba a tunawa da ita sai ta faru. Ni kaina ta taɓa cin ni, waya ta faɗa ruwa, na ɗauka komai na ajiye, ashe bakof ɗina, wato kwafin da wayar ke ajiyewa a intanet, ya tsaya wata bakwai baya ban sani ba saboda wurin ajiyar ya cika, ina ta ganin gargaɗin ina share shi da yatsa. Ka sani WhatsApp ba ya riƙe maka saƙonnin da suka riga suka iso wayarka, in wayar ta tafi kuma ba ka da bakof sun tafi kenan, ba wanda za ka kai wa kuka. Google yana ba da 15GB kyauta amma raba shi ake tsakanin Gmail da Drive da hotuna, kuma tun wajen farkon 2024 bakof ɗin WhatsApp na masu Android ma cikin wannan 15 ɗin yake ci, masu iPhone kuwa 5GB ne kyautarsu a iCloud, bidiyon guruf kaɗai ya isa ya cinye shi. Ka shiga setin ka duba ranar bakof na ƙarshe da idonka, gani ya kori ji. Lambobin mutane kuma ka tabbata a asusun imel ɗinka suke sauka, ba a ƙwaƙwalwar wayar ko a sim ba. In kana da tsohon asusun Google da ka zuba abubuwa ka manta, ka riƙa leƙa shi, don tun Disamba 2023 suka ce suna iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

A nan ne kowanne ke zama garkuwar ɗan'uwansa. Takardu masu muhimmanci ka ɗauke su hoto mai kyau ka sa a folda guda, musamman rasit ɗin nan da inji ke bugawa a 'yar takarda mai santsi, wannan ba tawada ba ce zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa bayan 'yan watanni za ka ciro shi ka tarar da farar takarda. Su kuma makullan wayar a takarda za ka ajiye su a gida, ba a cikin wayar ba, don ajiye makulli a cikin ɗakin da ka kulle ba dabara ba ce. Fasuwad ɗin imel ɗinka, lambobin gaggawa guda 10 da Google ke bayarwa in ka kunna tsaro mai mataki biyu, lambar sirri mai lamba 6 ta WhatsApp in ka saka, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wadda za ka gani in ka danna *#06#, da lambar wayar mutum uku ko huɗu na kusa da kai. Ka gwada yanzu, lambar mutum nawa ka haddace? Yawancin waɗanda nake yi wa wannan tambayar a aji ba sa wuce biyu, ɗaya ma tasu ce.

Abin da ke ɗaure duk wannan wuri ɗaya minti biyar ne da dare. Ka buɗe kalandar waya ka ga me gobe ta ƙunsa, ka leƙa saƙonnin yau ko akwai wanda ka bari a rataye, sannan ka ɗauki biro ka rubuta shafin gobe, abu uku manya a sama, ƙanana a ƙasa, ka rufe. A jami'ar Baylor da ke Texas an yi wani ɗan gwaji a 2018 da mutum 57, aka ce wasu su yi minti biyar suna rubuta abin da za su yi a kwanaki masu zuwa kafin su kwanta, wasu kuma su rubuta abin da suka riga suka gama, masu rubuta na gaba sun riga sauran yin barci da kusan minti 9. Mutanen ba su da yawa, kar a ɗauke shi kamar an gama magana, amma ya yi daidai da abin da kowa ya sani, aikin da ba ka sauke a wani wuri ba shi ke tashinka ƙarfe biyun dare.

Dayarin ma ba sai mai tsada mai kwanan wata a kowane shafi ba, irin wannan in ka tsallake sati biyu fararen shafukan ke sa ka ji kunya ka jefar da shi gaba ɗaya. Ƙaramin littafi mara kwanan wata wanda zai shiga aljihu ya fi, kai za ka rubuta ranar da hannunka, in ka yi fashin kwana goma ka ci gaba daga shafin da ka tsaya ba wanda ya sani.

Tura wa kai saƙo a WhatsApp kuwa ban hana ka ba, yana da sauri in kana tafe a hanya, amma ka ɗauke shi kamar tafin hannu da ake rubutu a kai kafin a samu takarda, daren ranar ka kwashe ka goge. Skirinshot ɗin da suka taru kuma kar ka ce za ka zauna ka tace su duka, ba za ka yi ba, na san wannan. Ka duba na sati biyun da suka wuce kawai ka ciro abin da ke da rai a ciki, sauran ka bar su yadda suke. Shi kuma mutumin da ka bari da anjima, wannan ba tes za ka tura masa ba, kira shi za ka yi, yau.